Kawu Ya Tsallaka Zaure

Ranar da majalisa ta dawo daga hutu ba ranar aiki ba ce, ranar kintsi ce. Masu shara sukan buɗe tagogin zaure tun da safe don warin rufi ya fita, mai kula da na'urori ya bi kujeru yana ƙwanƙwasa makirfo ɗaya bayan ɗaya, Sajan kuma ya fito da sandar majalisa daga akwatinta ya yi ta gogawa da tsumma har sai ya ga fuskarsa a jiki. Ni mataimakiyar Babban Akawu ce, aikina in tsara takardar zaman ranar. Ba wani abu ne mai wuya ba: addu'a, saƙonni da sanarwa, amincewa da bayanan zaman da ya gabata, naɗa kwamitoci, sai ɗage zama. Haka na tarar da tsarin, haka kuma zan bar wa wanda zai gaje ni.

Wanda bai san majalisa ba yana zaton kullum cacar baki ake yi da jifa da kujeru. Gaskiyar magana, yawancin abin da ake yi a ciki tashi ne da zama. Wani ya miƙe ya ce ya gabatar da ƙuduri, wani ya miƙe ya ce ya goyi baya, Kakaki ya tambayi masu so da masu ƙi, ya buga guduma, mu kuma mu rubuta. Sai dai a tamu majalisar akwai wani abu da ba ya cikin littafin ƙa'idoji amma ya fi na cikin littafin ƙarfi. Ƙudurin amincewa da bayanan zaman baya, Shugaban Masu Rinjaye ne yake gabatar da shi, wanda zai goyi baya kuwa dole ya fito daga ɓangaren 'yan adawa. Wai don a nuna kowa ya yarda cewa abin da muka rubuta shi aka faɗa. Tun kafin in shigo aikin nan mutum guda ne yake miƙewa daga wancan ɓangaren ya yi wannan goyon bayan, kuma mutumin nan kawuna ne, ƙanin mahaifiyata ciki ɗaya.

'Yan jarida Na-goyi-baya suke kiransa, har sunan ya bi shi kasuwa. Bai taɓa kawo ƙuduri nasa na kansa ba, bai taɓa tsoma baki a muhawara ba, ko tari zai yi sai ya kauce wa makirfo. Duk da haka mutanen yankinsa ba su gaji da zaɓensa ba, don ba a jana'iza babu shi, kuma motarsa ta fi motar asibiti sanin hanyar asibiti. Shi ya sa baki aka ɗauke ni aiki, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Sunan kakata aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana, ko a gaban Babban Akawu ne.

Ba haka Allah ya halicce shi da ƙarancin magana ba. Iyayensu sun rasu yana ɗan ƙarami, Inna, wato mahaifiyata, ta ɗauke shi ta tafi da shi gidan aurenta. Ita ta yi masa wanka da wanki, ita ta ja shi makaranta yana turjewa, ta kuma sha gorin dangin miji a kansa. Da ya fito takara karon farko aka shirya masa taro a filin ƙwallo, wani ɗan gaba-dai-gaba-dai ya rubuta masa jawabi mai tsawo. A cikin jawabin ya ce shi maraya ne, shi ya raini kansa, babu wanda ya taɓa riƙe masa hannu. Fili ya ɗauki sowa. Inna tana sahun gaba da sabon zanenta, ta juya ta koma gida. Ya je ba ta haƙuri ta ƙi fitowa, ya koma ta ƙi fitowa, daga nan shi ma taurin kan gidan ya motsa masa, bai sake komawa ba. Wannan shi ne dogon jawabi na farko kuma na ƙarshe da Kawu ya yi a rayuwarsa. Lokacin ina makarantar sakandare, yanzu kuwa ina da 'ya a jami'a.

Idanun Inna sun tafi a hankali, har ta kai ba ta bambance komai sai haske da duhu. Tana zaune a gidan yayana, matarsa ce take kula da ita. Tana da ɗan ƙaramin rediyo mai ɗaure da roba a murfin batir, kuma gidan rediyon jiha yakan kawo zaman majalisa kai tsaye duk ranar da aka dawo daga hutu. Majalisarmu kuwa, ba don yabon kai ba, ta fi 'yan firamare samun hutu. Duk irin wannan rana Inna za ta sa a fito mata da kujera tsakar gida ta kunna rediyo, wai tana sauraron wurin aikin 'yarta ne, alhali ni ba a taɓa jin muryata a zauren ba. Za ta jure wa addu'a da sanarwa har a kai inda Kawu zai ce, "Mai girma Kakaki, na goyi baya," sai ta kashe. Daga nan ta fara duba marar lafiya. Wancan mutumin mura yake yi. Wancan mutumin an cire masa haƙori. Wancan mutumin ya fara ajiye tumbi, numfashinsa ya yi nauyi. Ba ta taɓa kuskurewa ba, ba ta kuma taɓa kiransa da wani suna ba sai wancan mutumin.

Ni nake kai wa Kawu sakamakon, in nuna kamar ni na lura. Sai ya ce to Uwata, zai sha magani, ya kawar da kai. Shi ma yana da tasa dabarar. Ana gobe za a koma zama zai kira ni ofishinsa, ya jawo durowa ya miƙo mini sababbin batir, ya ce ya ga an kawo masu kyau ne, ko akwai mai bukata a gidanmu. Ranar zaman kuma sai ya gyara murya, ya matso da bakinsa kusa da makirfo, ya ja 'yan kalmominsa a hankali kamar mai ba yaro ruwa da cokali. Kowa a zauren ya ɗauka iyayi ne na tsohon ɗan majalisa. An ce zumunta a ƙafa take, su kuwa tasu a batir take, kuma haka na sa musu ido shekara da shekaru, don babu wanda ya tambaye ni ra'ayina.

A wannan hutun Inna ta kwanta asibiti, hawan jini ya so ya kayar da ita. Likita ya ja mana kunne kada a gaya mata abin da zai tayar mata da hankali. Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu kuma aminiyarta tun suna amare, ta rasu, muka haɗa baki muka ce ta yi tafiya. Asirinmu bai daɗe ba, wata maƙwabciya mai saurin baki ta shigo yi mata ta'aziyya. Tun daga ranar Inna ta daina yarda da mu. Ta ce ko cewa muka yi rana ta fito, sai ta ji zafinta a fatarta tukun.

Ana gobe komawa zama, ina tsakiyar buga takardar zaman, Shugaban Masu Rinjaye ya shigo ofishinmu da kansa, abin da ba ya yi. Ya ajiye wasiƙa a gaban Babban Akawu ya ce a sa ta cikin sanarwar gobe, yana murmushin wanda ya yi farauta ya dace. Babban Akawu ya karanta ya turo mini. Kawu ne yake sanar da Kakaki cewa ya bar jam'iyyarsa ya koma jam'iyya mai mulki, bayan ya yi shawara da jama'arsa. Na san jama'ar da ake nufi, 'ya'yansa maza ne da masu zaman ƙofar gidansa, waɗanda suka gaji da zama a inuwar da ba ta da 'ya'ya. An yi masa alkawarin shugabancin kwamiti da gyaran hanyar yankinsa. Ni duk wannan bai dame ni ba, sauya sheƙa a wurinmu ba ta fi sauya riga ba. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne tsarin takardar da ke gabana. Sanarwa tana gaba, goyon baya yana bayanta.

Na jira Shugaban ya fita na ce wa Babban Akawu ko za a iya mayar da wasiƙar ƙarshen zama, bayan an amince da bayanai. Ya cire tabarau ya dube ni yadda ake duban wanda ya nemi a yi sallar la'asar kafin azahar. Ya ce saƙonni da sanarwa a gaba suke tun kafin a haife ni, kuma da zarar Kakaki ya karanta wasiƙar, mai ita ya tashi daga ɗan adawa. Na ce to a bar ta sai jibi. Ya ce Shugaban ya riga ya gayyato masu kyamara, in ina da ƙarfin hali in bi shi in gaya masa. Ba ni da shi, na koma kujerata na buga wasiƙar a inda ƙa'ida ta ce.

Da na idar na haura ɓangaren ofisoshin 'yan adawa. Na tarar ana kwashe kayan Kawu ana zubawa a kwalaye, an sauke hotonsa daga bango, wurin ya bar fari fes. Yana zaune yana kallon masu aikin da fara'arsa. Da ya gan ni ya jawo durowar da ba a kai ga kwashewa ba ya miƙo mini batir.

Na karɓa na ce, "Kawu, gobe wa zai goyi baya?"

Ya buɗe baki zai ce shi mana, maganar ta tsaya masa. Na ga lokacin da abin ya sauka a kansa. An yi makonni ana ƙulla wannan sauyi, an yi lissafin kwamiti, an yi na hanya, an yi na zaɓe mai zuwa, amma babu wanda ya tuna da wannan, har shi mai abin. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan. Ya tambaye ni a hankali ko babu wata dabara, na gaya masa yadda muka yi da Babban Akawu. Sai ya sa hularsa ya tafi wajen Shugaban Masu Rinjaye. Daga baya na ji Shugaban dariya ya yi, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya bar wa yara wannan ƙaramin aikin, shi yanzu babban mutum ne mai kwamiti.

Da la'asar na biya gidan yayana na sa wa Inna batir a rediyonta. Na ga gara in share fage, sai na ce mata gobe ba za ta ji Kawu ba, ya sauya jam'iyya, wani ne zai yi maganar da ya saba yi. Ta ce wa ya tambaye ni. Ta shafa robar rediyon da yatsa, ta ce haka muka fara da Gwaggo, da tafiya muka fara. Na rantse mata lafiyarsa ƙalau, ɗazu na baro shi. Ta ce wancan karon ma na rantse.

Washegari zaure ya cika, kowa da sabuwar riga da ƙamshin turare. Sajan ya shigo da sanda a kafaɗa, Kakaki na biye, aka miƙe, aka yi addu'a, aka zauna. Ni da Babban Akawu muna teburinmu a ƙasan kujerar Kakaki, muna fuskantar 'yan majalisa, daga nan ana ganin komai har wanda yake gyangyaɗi. Kakaki ya yi wa kowa barka da dawowa. Ya karanta saƙon Gwamna na fatan alheri, da sanarwar cewa an gyara famfon banɗakin sama, da roƙon a daina ajiye motoci a wurin motar Mataimakin Kakaki. Sannan ya ɗauko wasiƙar Kawu ya karanta ta da muryar da ya karanta maganar famfo.

Masu rinjaye suka hau dukan tebura. Daga ɓangaren adawa wani ya ce Allah ya raka taki gona, aka yi dariya. Sajan ya je gaban Kawu ya rusuna, ya yi masa jagora suka tsallaka tsakiyar zauren, masu kyamara na ta walƙiya. Tsakanin ɓangarorin biyu bai fi faɗin tabarma uku ba, amma Kawu ya yi tafiyar yana kallon takalmansa. Kujerar gaba ya bari, inda ya shekara da shekaru, aka kai shi layin ƙarshe, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, domin a can ne kawai ake da gurbi.

Aka zo kan bayanan zaman baya. Shugaban Masu Rinjaye ya miƙe ya gabatar da ƙuduri ya zauna. Kakaki ya juya kansa wajen 'yan adawa ya ce ko akwai mai goyon baya. Sabo turken wawa. Can baya, a ɓangaren da bai kamata ba, Kawu ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya sunkuya kan makirfo. Mai kula da na'urori ba ya kunna makirfon kowa sai wanda Kakaki ya ba izini, saboda haka jar fitilar ba ta kama ba. Na ga bakinsa yana motsi, na kuma ji kalmomin sama-sama don na san su, amma ba su wuce layi biyu ba. Zauren ya kwashe da dariya, har da masu shara da ke leƙe ta ƙofa. Kakaki ba mugun mutum ba ne, ya danne tasa dariyar ya ce, "Mai girma ɗan majalisa ya zauna, mun gode. Daga wancan ɓangaren muke nema."

Wani matashin lauya daga 'yan adawa ya yi wuf ya miƙe. Abin da Kawu yake gamawa a numfashi ɗaya, shi sai da ya gode wa mazaɓarsa, ya yi wa jam'iyyarsa kirari, ya yi habaici ga masu gudun rana su bi inuwa, sannan ya goyi baya. Guduma ta sauka. Na rubuta sunan mazaɓarsa a inda hannuna ya saba rubuta ta Kawu. Miƙewar Kawu kuwa ba ta shiga bayanai ba, don a ƙa'idarmu wanda Kakaki bai ba izini ba bai yi magana ba.

Aka shiga naɗa kwamitoci, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo kowa. Kakaki yana karantawa, fuskoki suna sakewa suna ɗaurewa. Kawu ya sami shugabancin da aka yi masa alkawari, kwamitin kula da ɗakin karatu na majalisa, ɗakin da ni kaina ban san wanda yake riƙe da makullinsa ba. Ana cikin haka tsohon masinjanmu ya lallaɓo ta bayan teburi ya raɗa mini cewa mahaifiyata tana bakin ƙofa, masu gadi sun hana ta shiga. Matar da tun da aka sallamo ta ba ta taka ko ƙofar gida ba. Amma akawu ba ya tashi daga teburi matuƙar sanda tana kan mazauninta. Na zauna ina rubuta sunayen kwamitoci, wani ya tashi yana ƙorafin an manta da shi a kwamitin ayyuka, wani ya ce an rubuta mazaɓarsa ba daidai ba, Kakaki ya ce za a duba. Ban taɓa jin haushin aikina irin na wannan lokacin ba, kuma ban bar ko layi ɗaya ban rubuta ba.

Sajan na ɗaga sanda na fice. Na sami Inna a kan bencin masu gadi, ta yafa mayafinta a karkace, rediyon na kan cinyarta. Matar yayana tana tsaye a gefenta duk ta jiƙe da gumi. Ta ja ni gefe ta ce Inna ta ji wasiƙa ta ce takarda kowa ma yana iya rubutawa. Sannan ta ji an nemi mai goyon baya, ta ji shiru, ta ji dariya, ta ji Kakaki ya ce wa wani ya zauna. Sai Inna ta ce wancan mutumin ne, ya tashi zai yi magana bakin ya ƙi, haka mahaifinsu ya yi ranar da ɓarin jikinsa ya shanye. Ta ce a kai ta asibitin da aka kwantar da shi. An yi rantsuwar duniya ta ƙi ji, ta lalubi ƙofa za ta fita ita kaɗai, dole aka tsayar da tasi aka kawo ta nan majalisa, tunda babu asibitin da za a kai ta.

Na durƙusa na ce Inna ga ni. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ce, "Ke kina ciki, kin gani da idonki. In kin ƙara yi mini ƙarya ban yafe ba. Kai ni inda yake."

Na sa hannu a takardar baƙi na kama ta muka shiga. Inda yake ɗin ma sai da na yi tambaya. Ya mayar da makullin tsohon ofishinsa tun da safe, sabon kuwa ba a ba shi ba, domin kwamitin da ke rabon ofisoshi ɗazu aka naɗa shi, bai ko zauna ba. An jibge kwalayensa a barandar bene, tsakanin ɓangaren da ya bari da wanda ya koma. A can muka same shi zaune a kan kwali, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, hotonsa na jingine da bango. Inna ta hau matakalar tana haki, tana tsayawa, ba ta yarda an ɗauke ta ba.

Da ya ɗaga kai ya gan mu ya miƙe, hular ta faɗi ƙasa. Ya tsaya yana kallonta. Rabonsa da ganinta kusa haka tun gashinta yana baƙi, tana kuma gani. Bai ce komai ba, wanda shi ne mafi munin abin da zai iya yi a lokacin.

Na ce, "Kawu, yi magana."

Ya ce, "Yaya."

Ta karkata kai wajen da muryar ta fito. Ta ce, "Wannan ko Baba ya iya faɗinta bayan ya faɗi. Faɗi mai tsawo in ji."

Na ga ya duba hagu ya duba dama kamar mai neman wanda zai rubuta masa. Mutumin da ya yi shekaru yana rayuwa da kalmomi shida, ga shi an ce ya kawo mai tsawo, babu takarda babu makirfo. Masu wucewa da fayil suna ratsa mu suna gaishe shi da sabon muƙaminsa.

Ya ce, "Ke kika raine ni. Ke kika riƙe mini hannu kika kai ni makaranta ina kuka. Abin da na faɗa a filin ƙwallo ƙarya ne, kuma na san ƙarya ne tun ina faɗa."

Inna ta saki hannuna. Ta miƙa rediyon gefe, matar yayana ta karɓa ta ajiye a kan kwali. Ta lalubo fuskarsa da hannu biyu, ta shafa kumatun dama da na hagu, ta bi gefen bakinsa da babban yatsa, ta sa shi ya matse mata hannu da wannan hannun sannan da wancan. Ta juyo wajena ta ce bakinsa bai karkace ba, yau dai na faɗi gaskiya. Sannan hannunta ya gangara wuyansa zuwa kafaɗa, ya tsaya a kan ƙashin da ya fito ƙarƙashin babbar riga.

Ta ce, "Auta, ka rame haka? Rediyo bai gaya mini ba."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ni ma na ji nawa sun taho, na juya ina gyara fayil ɗin da ke hannuna. Inna ta ce ita ta gaji, a mayar da ita gida, kuma ba za ta ƙara shiga tasin nan mai warin fetur ba. Kawu ya ce motarsa na ƙasa. Ya kama hannunta suka fara sauka, yana gaya mata inda matakala take, tana ce masa ta sani, ba yau ta fara makanta ba.

Na koma ofis na buga bayanan zaman ranar, Babban Akawu ya duba ya gyara mini waƙafi biyu ya sa hannu. Da safe mai kula da kayan majalisa ya leƙo ofishina riƙe da ɗan rediyon mai roba, ya ce a kan kwalayen baranda ya tsince shi, ko na san mai shi. Na buga wa matar yayana waya na tambaya ko Inna tana nemansa. Ta ce ba ta ko ambace shi ba, tana can tsakar gida tana yi wa Kawu faɗa a kan rashin cin abinci. Na ce wa mai kula da kaya ya ajiye shi a sito.